Sallamar Baffa Sale a Filin Harbi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi, a Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan kin sauka lafiya, ɗakin da kuka kama ke da abokiyar aikinki ya karɓe ki, kuma aikin asibiti bai fara cin ƙarfinki ba. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Mu nan Uhudu lafiya lau. Labaran gida za ki ji su a waya daga bakin Mamanki, ta fi ni iya ba da su.

Da gangan na rubuto miki da Hausa. Na san da Larabci ne da kin share takardar da ido ɗaya kina shan shayi, ki aiko mini da "tayyib, Abuya", shi ke nan an wuce wurin. Hausa kuwa dole ki zauna ki bi ta a hankali, kina ɗan motsa baki kamar yadda kike yi, kuma abin da nake so ke nan.

Ranar da muka raka ki filin jirgi kin gaya mini kin sa sunanki a gasar harbi da ƙaramar bindiga da za a yi wata mai zuwa, a nadin nan, kulob ɗin harbin da abokan aikinki suka fara kai ki bara lokacin horo. Kin ce albashinki ba zai ɗauki kayan da kike gani a jikin mutane ba. Sannan kika ce, "Amma wallahi, Abuya, in aka yi mini dariya ko aka fitar da ni a gaban jama'a, halas, ba zan koma ba." Kika kuma tambaye ni me ya sa ni na daina, na waske na shiga zancen nauyin jakarki. Maganar kuɗin ba ta dame ni sosai ba, tana da magani. Maganar ba za ki koma ba ita ce ta hana ni sukuni, domin ni ma na taɓa faɗinta, kuma na cika ta. Ba na so ki bar abin da kike so saboda kunyar rana ɗaya.

Bari in fara daga yadda na shiga, don ba ki taɓa jin labarin a jere ba. Lokacin da na yi aikin kwangila a Jidda, kina makaranta, an tura ni gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a wani nadin harbi da ke bayan gari. Ni a tunanina harbi shi ne mutum ya tsaya cak, ya rufe ido ɗaya, ya ɗauki lokacinsa. Ina kan tsani sai na hango ta taga mutum yana gudu tsakanin katangun katako, ya leƙa nan ya harbi kwali, ya durƙusa can ya kayar da farantin ƙarfe, ya canza gidan harsashi yana tafe, wani kuma yana biye da shi riƙe da 'yar na'ura a kusa da kafaɗarsa. Na sauko na tambayi mai gadin wurin, ya ce alƙali ne, na'urar kuma tana jin ƙarar kowane harbi tana ƙirga lokaci. Maki ake tarawa, in ji shi, sannan a raba da lokacin da mutum ya ci. Wannan lissafin ya tsaya mini a rai. Ashe irin sana'ata ce: in ka yi sauri mukayyif ya riƙa yoyo, mai gida zai dawo da kai, in ka yi nawa kuma ya kira wani. Na gama gyaran ban tafi ba, ina ta tambaya har mutumin ya gaji da ni ya nuna mini ofishin rajista.

Kuskurena na farko, na sayi kaya kafin in san wasan. Ina da shekara kusan hamsin a lokacin, waɗanda ke filin yawanci sa'o'in ƙannena ne, sai na ji ba zan shiga cikinsu kamar wanda ya zo aro ba. Na sayi ɗamara mai tsada, da riga mai aljihuna ko'ina, da takalmi na musamman, ban ko harba harsashi ɗaya ba. Da na je darasin farko malamin ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ni kawu da Larabci, ya ce, "Masha Allah, ya Ammi, daga wace gasa ka dawo?" Ashe nadin yana ba sabon shiga bindiga da ɗamara da kube, har da abin toshe kunne. Rabin abin da na saya bai ma dace da irin bindigar da aka ba ni ba.

To ke, ki ari duk abin da ake arawa, kuma kada ki ji kunyar aron. Bindigar nadi ta ishe ki shekara guda ko fiye. Ki shiga rukunin da ake harbi da bindiga yadda ta fito daga masana'anta, ba wanda ake ƙawata ta da ƙarin kaya ba. A can hannu ake gwadawa, kuma can ne mai ƙaramin albashi yake numfashi. Maganar mallakar taki ki bar ta tukuna, tana da takardu da dokokinta, in lokaci ya yi ki bi su ta hannun nadi ba ta hannun wani mai cewa ya san hanya ba. Abu biyu kawai nake so su zama naki na kanki tun yanzu: tabarau mai kyau na kare ido, da abin kare kunne wanda ya zauna daidai. A nan ne nake da tambaya, domin a lokacina ban ga mace a filin ba. Abin kunnen nan mai kama da kofi biyu, yana kama kunne sosai a kan hijabi, ko ƙara tana shiga ta gefe? In tana shiga, ki sa na roba a ciki sannan ki ɗora babban a kai. Ki gaya mini yadda matan wurin suke yi, har da yadda suke ɗaura ɗamara ba tare da riga ta rufe kube ba. Abin yana ba ni sha'awa ƙwarai.

Kuskure na biyu shi ne na harsashi. Babu wanda ya gaya mini cewa kuɗin wasan nan ba a bindiga yake ba, a harsashi yake, shi ne yake tafiya kullum ba ya dawowa. Ni kuwa ƙarar ta shiga raina. In na karɓi kwalin harsashi sai in zazzage shi kamar ana kora ta, in tsaya ina murmushi, allon da nake harbi kuma ramuka a warwatse kamar kaza ta yi tono. Wata rana malamin ya karɓi bindigar, ya cire komai, ya tabbatar babu harsashi a ciki, ya mayar mini ya ce in saita in ja kunama. Ina ja sai bakin bindigar ya yi ƙasa da kansa. Ya ce, "Ka gani? Tun kafin ta yi ƙara kake tsoron ƙarar. Wannan ba harsashi ne zai gyara shi ba." Na ji haushi ranar, amma gaskiya ya faɗa.

Daga nan na koyi cewa mafi yawan wasan ana koyonsa ne ba tare da an harba komai ba. A nadi akwai wurin da aka keɓe, inda ba a shiga da harsashi ko ɗaya, mutum ya yi ta zaro bindiga daga kube, ya saita, ya ja kunama, ya mayar. Wannan kyauta ne, ki mai da shi gidanki. Ni in na dawo Madina hutu kuma, sai in yanka kwalayen mukayyif daidai siffar allon, in kai su gonar dabinon wani abokina a Awali, in jingina su a gindin itatuwa. Bindigata a can ita ce na'urar huda bango ta aiki, ba batir. In yi ta zagaya dabino ina leƙe, yatsa a miƙe a gefe muddin ƙafa tana tafiya, sai na tsaya na saita sannan ya shiga. Masu aikin gonar, 'yan Nijar ne, su bar ban ruwa su zauna suna kallona. Ɗaya ya taɓa tambayar mai gonar ko Alhajin nan lafiyarsa ƙalau. Amma a gonar nan yatsana ya koyi zama a waje, kuma har yau in na ɗauki na'urar huda bango haka yake zama. Ke ba ki da gona, amma kina da falo da kujeru da kwalbar fesa ruwan guga. Ki dai gaya wa abokiyar zamanki tukuna, kada ta kira Mamanki.

In kin je harbi na gaske, ki yanke tun daga gida abin da za ki koya ranar da yawan harsashin da za ki kashe masa, in ya ƙare ki tashi. Kuma ranar da ake gasa ko ba ki shiga ba, ki je ki taya su liƙe ramukan allo da tayar da ƙarafan da aka kayar. Mai liƙe rami yana ganin inda gwanaye suke sa harsashi, yana jin yadda suke shawarar ta ina za su fara bi. Ni na raina wannan aikin, na ɗauka na yara ne, sai daga baya na lura zakarun wurin su ne suka fi kowa yin sa.

Akwai kuma kunyar tambaya. Kafin kowane zagaye alƙali yana bayanin inda za a tsaya da abin da za a harba da wanda ba a taɓawa, sannan ya ce akwai mai tambaya? Ni da na cika mai gadi da tambayoyi ina baƙo, da na zama ɗan wasa sai bakina ya mutu, kada yara su ce tsoho bai gane ba. A wani gwaji haka na huda farin allo, wanda ake cire wa mutum maki in ya taɓa shi, ina jin daɗi wai na samu tsakiya. Ki tambaya ko sau nawa ne. In an ba ku lokacin zagaya filin hannu wofi kafin a fara, ki bi shi a natse ki tsara hanyarki, kuma kada ki canza ta don kin ga wata ta bi ta wani wuri da gudu. A gasar farko ba gudu ya kai ki ba. Ki gama kowane zagaye lafiya, harsashinki a kan allo, ko da ke ce ta ƙarshe a jeri.

Yanzu sai maganar Baffanki Sale, kuma ita ce amsar tambayarki.

Kin san shi da fata, shagonsa na titin Sultana a nan Madina ko makaho ya shiga zai gane shi da ƙamshi. Da ya ji zan shiga gasa ta farko, ya ce ba za a ce ƙaninsa ya rataya kuben roba ba alhali gidanmu gidan dukanci ne tun daga kakanni. Ya sa na zana masa bindigar a takarda, ya ɗinka mini kube na jar fata mai laushi, da ado a baki. Ban taɓa riƙe abu mai kyansa ba. Na kai nadi ina taƙama, alƙali ya juya shi ya sa yatsa ya danna bakin, fatar ta lanƙwashe ciki. Ya ce, "Kyakkyawa ne, amma ba za ka sa shi a nan ba. Wannan laushin wata rana zai shiga ya taɓa kunama kana mayar da bindiga." Kube dole ya zama mai tauri, ya rufe kunama ruf, ya riƙe bindiga ko mutum yana gudu, bakinsa kuma ya tsaya a buɗe. Na roba mai arha da ya cika waɗannan ya fi na fata mai kyau da bai cika ba. Na ari na nadi, na sa na Yaya a jaka, ban gaya masa ba.

Ranar gasar ban san zai zo ba. Ashe ya rufe shago ya hau jirgin ƙasa zuwa Jidda don ya ba ni mamaki. An kira sunana, na tsaya a layi, alƙali ya ba ni izini in sa harsashi in shirya. A wannan lokacin filin yakan yi tsit. Na sa gidan harsashi ke nan, bindiga tana hannuna ban mayar kube ba, sai na ji daga baya, daga inda 'yan kallo suke, da muryar nan tasa da ke ratsa bango balle abin toshe kunne:

"Assalamu alaikum! Habu!"

Ummi, ban yi tunani ba ko kaɗan. Mu an raine mu ba a amsa wa babba sallama da ƙeya. Marigayi kakanki in ka amsa masa ba ka juyo ba, sai ka maimaita. Jikina ne ya juya da kansa, kafaɗa da hannu da komai, bakina yana cewa wa alaikumus salam. Bakin bindigar ya bar wajen allo ya biyo ni gefe. Yatsana yana waje, alhamdu lillahi, gonar Awali ta yi ranarta. Amma dokar ba ta duba wannan: bakin bindiga ba ya barin wajen allo ya nufi inda mutane suke, ko na ƙiftawar ido. Alƙali ya daka tsawa, "Waggif!", wato in tsaya, ya dafe hannuna ya mai da shi gaba, ya sa na cire harsashi na nuna masa babu komai a ciki. Sannan ya ce a hankali an fitar da ni daga gasar gaba ɗaya. Ban harba ko ɗaya ba.

Abin da nake so ki ji da kyau shi ne abin da ya biyo baya. Babu wanda ya yi dariya. Alƙalin ya bi ni har inda na ajiye jaka, ya ce, "Ma'alesh, ya Ammi. Ni ma an taɓa fitar da ni, da wancan, da wancan. Zauna ka taya mu liƙe allo, mu ci abinci tare, wata mai zuwa ka dawo." Na ce to. Na ɗauki jakata na ja Yaya muka fita. A mota ya ce, "Har ka gama?" Na ce na gama. Ban sake taka wurin ba. Sun kira ni a waya na ce aiki ya yi yawa, har suka gaji. Hukuncin alƙali na rana ɗaya ne, sauran shekarun ni na yanke wa kaina, kuma ina jin ciwon abin har yanzu. Duk lokacin da na ji ana zancen sabbin na'urorin saiti masu ɗigon ja, sai in tsaya ina sauraro kamar mai leƙen gidan da ya taɓa zama. Gaskiya ne da ido biyu a buɗe ake duba su? In wata a nadinku tana da shi, ki roƙe ta ki leƙa ki ba ni labari.

Saboda haka in an fitar da ke, kuma yana iya faruwa, ki ce wa alƙali na gode, ki ajiye jakarki, ki ɗauki abin liƙe allo. Ki yi kukanki a ɗaki in kin koma, wannan ba laifi ba ne. Amma ranar ki tsaya har a tashi, kuma kafin ki bar wurin ki sa sunanki a gasa ta gaba.

Makon jiya bayan la'asar na biya ta shagon Baffanki, na tarar da shi da jar fata a cinya yana yanka. Na ce ta mece ce? Ya ce kuben Ummi ne. Na ga dai ba makawa. Na ja kujera na gaya masa komai, cewa wancan kuben ba a bar ni na sa ba, kuma sallamarsa ce na juya amsawa aka fitar da ni. Ina jira ya yi mamaki. Sai ya ajiye wuƙar, bai dube ni ba, ya ce, "Na sani, Habu. Tun ranar na sani. Na ga kuben roba a ƙugunka, na ga kuma yadda mutumin nan ya kama hannunka. Kai ba ka faɗa ba, ni ma na kasa." Ya juya fatar a cinyarsa. Can ya ce, "Na ɗauka wata biyu za ka yi ka koma. Da na ga shekara ta wuce sai na ce na kashe wa yaron nan abinsa." Ina da furfura har a gira, amma yaro ya ce. Ya ce fatar zai mai da ita jakar da za ki riƙa sa tabarau da abin kunne, gasarki kuma ba zai je ba, kada ya sake jawo wani abu.

Na ce masa ba haka za a yi ba, mu biyu za mu je. Ya ƙi, na nace, sai da na ce in bai je ba ni ma ba zan je ba sannan ya yarda. Don haka ki sa mana suna cikin 'yan kallo, ki kuma tambaya ko ana ba baƙi abin toshe kunne ko mu zo da namu.

Za mu zauna can baya, Ummi, ba wanda zai buɗe baki. Amma ko da wani ya yi kuskure, ko ni, ko Baffanki, ko wani dattijon da ba ki sani ba, ga maganata a rubuce. Ni na koya miki ba a ba babba baya, kuma ban janye ba, a gida da ko'ina haka ne. Amma daga lokacin da alƙali ya ce ki sa harsashi har zuwa lokacin da bindiga ta koma kube ya ce fili ya zama lafiya, na yafe miki wannan ladabin. Ko muryata kika ji tana kiran sunanki, kada ki juyo. Ki ba mu baya ki dubi allonki. Mu tsofaffi biyu ne da suka iya jira, sallamarmu tana nan har ki gama.

Allah Ya tsare hannunki da na waɗanda ke kusa da ke, Ya kare idonki da kunnenki, Ya sa ki fita filin nan lafiya ki koma ɗakinki lafiya. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa albarka a ɗan abin da kike samu. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ita ba za ta iya kallo ba, za ta tsaya gida da carbinta, a kira ta in an gama. Baffa Sale yana gaishe ki, wannan karon a takarda.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinki,
daga Uhudu, Madina.